SIRANTA BA LAFIYA BA CE: ABIN DA KEKE MARA TAFIYA YA NUNA MIN

Yau da kaina zan fara, don kar wani ya ce da shi nake.

Ni siriri ne tun ina yaro, har a Zungur "Sanda" ake ce min. Shi ya sa na daɗe ina ganin motsa jiki aikin masu tumbi ne. Makon jiya wani abokina da ke bincike kan motsa jiki ya nemi 'yan sa-kai, na je don in yi masa kara. Muka tafi da wani ɗan ajinmu da kullum nake tsokana da "Alhaji" saboda ƙiba.

Keke ne da ke kafe wuri ɗaya, ƙirar Monark. Aka ɗaure tayar da birkin nauyin kilo 2, aka ce in juya feda sau 50 a minti har tsawon minti 6, ana ƙirga bugun zuciyata a minti na 5 da na 6. Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Astrand da Ryhming, su suka fitar da wannan hanya a 1954. Hikimar ita ce, aiki ɗaya aka ba kowa. Zuciya mai ƙarfi tana tura jini da yawa a bugu guda, don haka ba ta gaggawa. Rarrauna kuwa sai ta yi ta dukan tara-tara kafin ta cim ma aikin. Daga bugun, da shekaru, da nauyin mutum, ake ƙiyasta iyakar iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita a minti ɗaya. Ma'aunin juriya ke nan.

Jama'a, bugun Alhaji ya tsaya a 136, yana tuƙi yana hira. Nawa 166, ina haki kamar an koro ni. Ko da aka raba sakamakon da nauyinsa, ya fi ni. Ashe shi kullum da yamma yana filin ƙwallo. Ni kuwa keken da na sani shi ne Keke Napep: daga gida zuwa Yelwa, daga can zuwa gaban kwamfuta, sai teburin mai shayi.

Abin da ya hana ni barci ba kunyar ba ce. Mahaifina ma siriri ne, kuma yau shekara da shekaru yana shan maganin hawan jini.

To ga ra'ayina. Mu ɗalibai muna auna komai: maki, kuɗin data, kwanakin da suka rage a kare kundi. Amma zuciyar da ke ɗauke da mu, da ido muke auna ta. Ya kamata ƙungiyoyinmu su nemi a ajiye irin wannan keke ko guda ɗaya ne a asibitin kowace makaranta, a riƙa gwada mu sau ɗaya a zango.

Na san wani zai ce, "Malam, ba mu ci mun ƙoshi ba kana maganar keke?" Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma minti 6 ya fi arha a kan jinya. Wani kuma zai ce gwajin ƙiyasi ne. Haka ne, shayi mai ƙarfi, rashin barci ko zafin rana suna ɗaga bugun zuciya. Amfaninsa shi ne ka gwada kanka da kanka: yau, da bayan wata biyu, a kan nauyi ɗaya.

Kafin keken ya samu, da ka farka da asuba ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugun daƙiƙa 15, ka ninka sau 4, ka rubuta. Ga baligi, tsakanin 60 da 100 ake ɗauka daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5. Tafiya da sauri ma ta isa. Mai ciwon ƙirji, jiri ko hawan jini fa, ya fara ganin likita.

Ni dai na fara sauka daga Napep tun kafin a kai ƙofar makaranta. Bayan wata biyu zan koma kan keken, kuma ko nawa ya nuna zan rubuta a nan. Alhaji, na janye tsokanar.

Wa zai ƙirga nasa gobe da asuba ya faɗa mana? Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.