Hanya Ta Cinye Yini, Gida Ya Rasa Mai Yaɓe

Duk wanda ya saba shiga motar haya ko Adaidaita Sahu a Kano da sassafe, ko kuwa ya zauna majalisa bayan isha'i, ya san hirar ma'aikata ba ta wuce abu uku. Wannan ya ce rufinsa na yoyo, tun bara yake niyyar kiran kafinta. Wancan ya ce an mai da shi aikin dare mako biyu a jere. Na uku ya ce kuɗin mota ya fi ƙarfin albashinsa. A yi tsaki, a yi dariya, kowa ya kama gabansa. Jama'a sun ɗauka zancen raha ne kurum. Mu kuwa a ganinmu magana ɗaya ce ta rabu uku, kuma ƙarshenta yakan kai ga rai.

To, mu fara da hanya. A da, ma'aikaci yakan zauna kusa da wurin aikinsa, ya tafi a ƙasa ko bisa keke. Yanzu birni ya yi faɗi, haya ta yi tsada, sai ka ga mutum yana kwana a Kurna ko Mariri, aikinsa kuwa yana Sharaɗa, ko Calawa, ko Bompai. A watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, nauyin ya koma kan Adaidaita Sahu. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma kafin shekarar ta ƙare lita ta kai 1,000.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A yi lissafi: wanda ke ɓata sa'a ɗaya da rabi wajen tafiya, da irinta wajen komowa, ya ba hanya sa'a 3 kullum. Cikin kwana 6 sa'a 18 ke nan, watau fiye da aikin yini biyu, ba kuwa wanda zai biya shi kwabo a kai. In aka haɗa da aikin karɓa-karɓa, wannan mako safe, mai zuwa dare, sai ranar hutunsa ta tafi wajen ramuwar barci. Yaushe zai hau tsani ya duba soro?

Gida kuwa ba ya jiran mai shi ya huta. Magina na dauri sun san ginin ƙasa kamar mai rai yake, kowace shekara yana bukatar kulawa. Sukan jera tubali, su rufe da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sukan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su shafe soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duk da haka ba su sakankance ba. Da rani ake yaɓe, da bazara a share indararo, a toshe tsaga, tun hadari bai haɗu ba. Ruwa ba ya rushe bango dare ɗaya. Yakan kwanta bisa soro in indararo ya toshe, ya jiƙa bakin azara har ta ruɓe. Ko kuwa ya taru a gindin bango in kwata ta cike, ya yi ta cin tushe a hankali. Ran da markar Agusta ta kwana tana zuba, sai a wayi gari ana salati, ɗaki ya rufta kan yara suna barci.

Kada mai gidan bulo ya ce wannan bai shafe shi ba. Ƙusa ɗaya da ta saki a kwano ita ke ruɓar da katako, ta zubo da silin. Bulon da aka yi wa rowar siminti, in ya sha ruwa, da hannu ma sai a marmashe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna jan hankalin mutum uku. Na farko maigida: ka ware rana ɗaya tsakanin Fabrairu da Afrilu, ka zaga gidanka ciki da waje, ka hau sama ka gani da idonka. Gyaran da kwandon ƙasa goma zai yi da rani, da damina sai an sake bango. In kuɗi ne babu, abokan hirar nan taka ta cikin mota su ne abokan adashinka, su ne kuma 'yan gayyarka. Wannan Lahadi a yi gidan wane, mai zuwa a yi naka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu masu masana'antu da shugabannin ofisoshi da asibitoci: ku riƙa kafa takardar juyin aiki tun wata bai kama ba, don mutum ya san ranar da zai kira magini. Wanda ke da hali ya sa mota ta kwaso ma'aikatansa, tun ba masu tashi da tsakar dare ba. Ma'aikacin da ya kwana yana tarar yoyo da bokiti ba zai yi muku aikin kirki da safe ba.

Na uku hukuma: manyan motocin haya masu sauƙin kuɗi, masu tashi a kan lokaci, su ne za su mayar wa talaka sa'o'in da hanya ta ƙwace. A kuma yashe manyan magudanai da rani, kada a bari sai ruwa ya ci unguwa a zo rabon tabarma da buhun shinkafa. Masu unguwanni su ma su sa a yi yekuwar yaɓe da yasar kwata kowace bazara.

Hira dai ba laifi ba ce, tana rage nisan hanya. Abin da muke roƙo shi ne, in an sauka daga mota a bi ta da aiki tun sama ba ta yi baƙi ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Haza wasalam.