Shawara Ga Manoma: A Auna Kafin A Gina

'Yan'uwa, in ƙungiyarku za ta gina wa tarakta mai hannun haƙa rumfa, kada ku auna rufin direba kaɗai. Hannun nan na baya, ko an naɗe shi, yakan fi rufin tsawo. Na babbar JCB yana kai wajen ƙafa 12. Muna ba ku shawara ku ƙara ƙafa 2 a kai, gama daɓen siminti zai rage tsawon ƙofa, tudun bakin ƙofa kuwa yakan ɗaga taraktar. In hannun ya bugi katakon sama, jinkar duka tana iya zubo wa direba. Bayan aiki kuma a sauke bokitin ƙasa saboda yara. Tun ran gini ran zane.