An bar jaki ana dukan taiki

Wallahi abin ya ishe ni. Ka zauna a kowace fada ta matasa a Magariya ko Dungas da dare ka kasa kunne, ba za a jima ba sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce "wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti". Kullum wasa ɗaya! Yaron da ya tafi cirani ya sha rana a Kano, ko ya kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari, ya dawo da ƴan nairorin sayen gero da ridin iri, sai ya zuba su a kan ƙwallon Ingila alhali uwarsa na jiran cefane.

A can ƙetaren iyaka, a Najeriya, an tashi da ƙarfi kan caca. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo. Ranar 22 ga Nuwamba Kotun Ƙolin Najeriya ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ta tsara nata. Madalla. To amma wa aka hana? Mai ƙaramin shago ya sha kwaɗo, yaran da ke rubuta masa tikiti sun rasa abin yi, manyan kamfanoni irin su Bet9ja da 1xBet kuwa suna cikin aljihun kowa. Wanda ke jin kunyar a gan shi a ƙofar shago yanzu a ɗakinsa yake bugawa, ba mai gani balle ya tsawata masa. Kuma intanet ba ta tsayawa a shingen iyaka na Tinkim a duba mata takarda.

Namu na Nijar ya fi ciwo. Da wane baki hukuma za ta ce wa matashi ya daina, ita da ke da kamfanin caca na LONANI, tana karɓar rabonta daga cacar dawakin da ake sukuwa da su a Faransa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malam na wa'azi ranar Juma'a caca haramun ce, baitulmali na ƙirga riba.

Ai hanyar kuɗin a bayyane take, ɗan'uwa. Ta waya ake zubawa, ta waya ake cirewa, kamfanonin sadarwa da bankuna na ganin kowace dala. Su ya kamata a tilasta wa toshe ta, a hana tallar, a hukunta duk wanda ya karɓi kuɗin yaro ƙarami. Idan Yamai da Abuja suna iya zama kan fataucin makamai a wannan iyaka, su zauna kan wannan ma.