Ma'aikata Nawa Ke Bukatar Likita Ɗaya? Lissafin da Ya Gagari Jihar Neja

Ran 3 ga watan Yuni 2024 ramin haƙar ma'adinai ya rufta da mutane da dama a ƙauyen Galkogo cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro, bayan an sha ruwan sama. Sai da aka yi kwanaki ana tonon ƙasa, alhali kuwa adadin da ake faɗi na waɗanda ke ciki yau daban, gobe daban. To, wurin aikin da ba a san yawan mutanen da suka shiga rami da safe ba, ina za a san yawan malaman asibitin da ya kamata a ajiye musu?

Wannan magana ta shafi Minna ƙwarai. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da garin hedkwata, manyan ayyuka suka yi ta kewaye shi: ga tashar jirgin ƙasa mai daɗaɗɗen tarihi, ga madatsar ruwa ta Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, ga ta Zungeru mai megawat 700, ga kuma masu fasa dutse da masu neman zinariya a dazuzzuka.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi nata lissafin. Ta ce lalle kowace masana'anta ta ajiye akwatin agajin gaggawa a hannun wani amintacce, in kuma ma'aikata sun haura 150 a ƙara akwati ɗaya a kan kowane 150. Watau kawuna take ƙirgawa, ba ta auna hatsarin aikin. Masu ɗinkin buhu 150 da masu fasa dutse 150 duk akwati ɗaya ne rabonsu.

Alal misali, a ɗauki masana'anta mai ma'aikata 600 da ke aiki dare da rana, kashi uku, mutum 200 a kowane kashi. Tun da yake doka na duba yawan waɗanda ke wurin a lokaci guda ne, akwati biyu sun fid da mai masana'anta kunya. Amma mako ɗaya awa 168 ne, nas kuwa awa 40 take yi. Kafin ɗakin magani ya zauna a buɗe kullum, tilas a sami nas huɗu da ɗoriya, watau biyar ke nan, balle an zo ga hutun shekara da na haihuwa. Nan ne masu masana'antu kan yi wayo, su ɗauki nas ɗaya ta rana, su bar masu aikin dare, lokacin da barci ke fizgar mutum a gaban inji, a hannun maigadi.

Lissafin likita bai kai haka tsada ba, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba ke nan. In za a duba kowane ma'aikaci na rabin awa sau ɗaya a shekara, awa 300 ce, likitan da ke zuwa yini ɗaya a mako zai gama da ita. Saboda haka ƙananan ma'aikatu biyar a Minna na iya haɗa kuɗi su riƙe likita ɗaya. Yarjejeniya ta 161 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1985, ta yarda da irin wannan haɗin gwiwa.

Sai kuma kayan aiki, su ma hatsarin ne ke faɗin irinsu. Mai aiki kusa da injin wuta gwajin kunne yake bukata, mai fasa dutse hoton ƙirji, domin ƙurar dutse kan daskarar da huhu a hankali. Mai niƙa dutsen zinariya kuwa gwajin jini. A 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, shekara biyar kacal bayan ta kashe ɗaruruwa a Zamfara. Yaran nan ba sunansu a takardar albashin kowa. Ƙurar ce ta bi iyayensu har cikin gida. Motar ɗaukar majiyyaci ma nisan asibiti ne ke tilasta ta, gama wanda ya ji rauni a dajin Shiroro ba daidai yake da na Bosso ba.

Wani cikas kuma, sha'anin ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne bisa tsarin mulki, amma gawa da majiyyaci asibitin jiha ake kai su.

'Yan Arewa mazauna Kudu sun san ƙarshen wannan lissafi tun ba yau ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF. Sai dai ɗan dako a Apapa ko Mile 12, da leburan gini da ake sallama kowace yamma, yawancinsu ba a rubuta su a littafin kowa ba. Nas da akwati da diyya duk daga wannan littafi ake ƙirga su. Wanda zai karɓi aiki, a Ikko ne ko a Minna, gara ya fara tambayar ko an sa sunansa a ciki, sa'an nan ya tambayi wanda ke riƙe da makullin ɗakin magani da dare.