Alhaji Ya Biya, Mai Karatu Ya Kwana Da Yunwa

Rubutun wannan makon yana da yaji, mai gyambon ciki ya ajiye ruwa kusa da shi.

A labaran da ake turo mana don dubawa akwai wata fitowa da ta ishe mu. Alhaji matashi mai kamfani bakwai ya ɗauki amarya zuwa Indiya ko Dubai. Da dare ya yi sai ya kai ta "wani haɗaɗɗen gidan abinci na 'yan Indiya wanda tsayawa faɗin kyansa ɓata lokaci ne". Ma'aikata suka rusuna. Aka cika tebur da "abinci kala-kala na gani na faɗa". Amarya ta kasa riƙe cokali mai yatsu, ya yi murmushi ya ba ta a baki. Ya zaro daloli ya ce su riƙe canji. Shi ke nan, aka koma masauki.

Mun karanta wannan fitowar daga alƙaluma daban-daban har mun haddace ta, kuma yau za mu faɗi abin da muka daɗe muna haɗiyewa: wannan ha'inci ne. Marubucin da ya ce tsayawa faɗin kyan wuri ɓata lokaci ne, aikinsa ya guje wa, domin faɗin shi ne aikin. Mai karatu ya ba ka datarsa da barcinsa, ka ja shi har Delhi, ka zaunar da shi a gaban tebur, ka tashe shi bai ji ƙamshin komai ba. Abu ɗaya ya koya, Alhaji yana da kuɗi, kuma wannan ka riga ka gaya masa tun shafin farko.

Mu ɗauki gida ɗaya na gaske mu auna da shi. A otal ɗin ITC Maurya da ke unguwar jakadu a New Delhi akwai gidan abinci mai suna Bukhara, wanda ke ci tun ƙarshen shekarun 1970. Yana cikin mafi shahara a ƙasar, har shugaban Amurka Bill Clinton ya ci abinci a can lokacin ziyararsa ta shekarar 2000. To a wannan gida ba a jera wa baƙo wuƙa da cokali mai yatsu. Da hannu ake so ka ci. Wani ƙyalle ake ba ka ka ɗaura a wuya don kada maiƙo ya ɓata maka riga, wasu kujerun ma kututturan itace ne, kana kuma hangen masu gashi ta bayan gilashi. Abincin da ya fi yi wa gidan suna ba wani abin al'ajabi ba ne a ido: miyar dal ce, ta wani ƙaramin baƙin wake da ake barin sa a kan wuta ya kwana yana dahuwa da tumatir da citta da tafarnuwa, a ƙarasa shi da man shanu. Burodinsu kuwa, wato nan, a jikin tukunyar ƙasa mai zafi ake manna shi, suna kiran ta tandur. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gurasa a Jakara ya ga wannan aikin da idonsa, sunan ma kusan ɗaya ne da tanderunmu.

Ku dubi abin da wannan ya yi wa fitowarmu. Mun mayar da jarumarmu baƙauya saboda ba ta iya cokali mai yatsu ba, alhali a wannan tebur mai tsada ita ce za ta fi kowa sakewa, domin tun tana yarinya take gutsurar gurasa tana dangwalar miya. Alhajin da ya saba da cin abincin jirgi shi ne zai tsaya yana neman cokali. Ga fitowa mai daɗi, mai ban dariya, mai nuna halin mutum biyu, ta wuce mu saboda ba mu yi tambaya ba.

Sannan wai "abincin Indiya". Wace Indiyar? Ƙasa ce mai mutum fiye da biliyan 1.4. A arewa alkama ce da gashin tandur da miya mai kauri. A kudu, wajen Chennai, shinkafa ce da kwakwa da tsamiya, da idli da dosa da ake yi da ƙullun shinkafa da wake wanda ya kwana ya tashi, ɗan uwan ƙullun masarmu. Hyderabad da biriyaninta take taƙama. Miliyoyin mutane a can ba sa cin nama sam, har kayan abincin da ke cikin leda ana yi musu koriyar alama don a san babu nama a ciki. Idan Bahaushe zai ji haushin baƙon da ya rubuta cewa ya ci "abincin Afirka" a Kano, to mu ma mu ji kunyar yin irinsa ga wasu. Mun ga labarin da jaruma ta sha farfesun naman sa a babban otal a Delhi, birnin da doka ta hana yanka saniya. Abin da suke kira matin ma galibi naman akuya ne. Mai karatun da ya taɓa zuwa, daga wannan layin ya daina yarda da kai, ko da sauran labarin gaskiya ce tsagwaronta.

Kuma kowane kwano a kan teburin nan yana da labarinsa. Kazar nan mai jar miya da man shanu, wadda gidajen abincin Indiya da yawa daga Landan zuwa Dubai suke sayarwa, ana danganta ta da gidan Moti Mahal na unguwar Daryaganj a Delhi. Waɗanda suka kafa shi 'yan gudun hijira ne da suka baro Peshawar lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a 1947. Har yau magana ba ta mutu ba: a farkon 2024 zuriyar Kundan Lal Gujral da ta Kundan Lal Jaggi sun tsaya gaban babbar kotun Delhi a kan kakan wa ya ƙirƙiro girkin. Barkono da tumatir da ke cikin miyar ma baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal suka kawo barkonon bayan Vasco da Gama ya isa gaɓar Indiya a 1498. Hijira, gado, rigimar dangi, duk a faranti ɗaya. Mu kuma muka taƙaita shi da "kala-kala".

Babban abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda muke turawa can. Ku tambayi kanku, su wa ke zuwa Indiya daga cikinmu? Mafi yawan waɗanda muka sani masu jinya ne, da ɗalibai, da 'yan kasuwa. Wata 'yar uwa a cikin masu kula da wannan zaure ta yi wata biyu a Delhi tana jinyar mahaifinta da aka yi wa aikin ƙoda. Ranar da aka sallame su, yayanta ya ce dole a yi murna, ya kai su wani babban gida da ba za mu ambaci sunansa ba. Ta ce abu na farko da ya tsaya mata a wuya shi ne tambayar nama. A can akwai yankan halal, akwai kuma jatka, wanda ake sare kan dabba da sara ɗaya, sai ta rasa yadda za ta tambaya ba tare da ta ga kamar ta ci fuskar ma'aikacin ba. Da ta daure ta tambaya, sai ya amsa a sake, ashe tambaya ce da yake ji kullum. Aka kawo abinci, ƙamshin hulba da kanumfari ya cika wurin, amma likita ya hana tsoho gishiri da maiƙo. Ya ce, "Ku ci mana, Uwata, ni kallonku ma ya ishe ni." Ya gutsuri busasshen nan yana taunawa a hankali. Da aka gama aka kawo ɗan kwano da ruwan ɗumi da yankan lemon tsami, yayan ya ɗauka zai kai baki, tsohon ya riƙe masa hannu yana dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwo: na wanke hannu ne. Sai takardar kuɗi ta iso, da haraji da ladan hidima a ƙasanta, yayan ya karanta ya sake karantawa, ya juya ta don kada uban ya gani. Gonar da aka sayar aka zo jinyar nan ce take ƙarasa ƙarewa a kan teburin.

Wannan ita ce fitowa. Ba a ce kowa ya yi kuka ba, ba a ce wurin ya haɗu ba, amma kun ga gidan, kun san mutum uku, kun kuma ji nauyin da ke kan ɗan fari. Gidan abinci mai tsada wuri ne da ake gane mutum: wa ke duban farashi kafin ya zaɓa, wa ke yi wa ma'aikaci tsawa, wa ya ce ya ƙoshi alhali yunwa yake ji. Mu kuwa mun mayar da shi rasit.

Mun san amsoshin da za su biyo baya, bari mu tare su tun yanzu.

Za a ce mai karatu mafarki yake so, talauci ya ishe shi a gida. Mun yarda, ba mu hana kowa rubuta masu kuɗi ba. Amma mafarkin da ba shi da ƙamshi ba shi da ɗanɗano ai ba mafarki ba ne, talla ce. In za ka ba yarinyar da ke karatu a ɗakin uwarta daɗin duniya, ba ta shi cikakke, ta ji tururin biriyani ya bugi fuskarta lokacin da aka fasa ƙullin fulawar da aka liƙe bakin tukunya da shi. Abin da muke ba ta yanzu darasi ne mai guba: darajar mace a auri wanda zai ce a riƙe canji, kuma hannun da ta saba cin tuwo da shi abin kunya ne.

Za a ce ba mu da kuɗin jirgi. Mu ma yawancinmu ba mu da shi. Amma matambayi ba ya ɓata. Gidajen nan suna saka jerin abincinsu a intanet, akwai bidiyon ɗakunan girkinsu a YouTube, kuma da wuya a rasa wanda ya je jinya ko karatu Indiya a unguwarku. Ku zauna da shi awa ɗaya. Kada ku tambaye shi ko wurin ya yi kyau, ku tambaye shi me ya ba shi kunya, me ya kasa haɗiyewa, me ya tuna masa gida. Akwai gidajen abincin Indiya a Abuja da Legas, wanda ya samu hali ya je ko shayi ne ya sha ya buɗe ido. In duk wannan ya gagara, to me ya hana Alhaji ya kai amarya cin gurasa da tsire a inda ka sani ciki da bai? Fitowar da ka sani a Kano ta fi wadda ka ara a fim ɗin Indiya sau goma.

Za a ce ai ƙagaggen labari ne. Mutanenka ne ƙagaggu, Delhi ba kai ka ƙage ta ba. Da zarar ka kira sunan gari na gaske ka ci ladan kuturu, aski ya zama dole.

Ba daga sama muke magana ba. Mu ma a rubuce-rubucenmu na farko mun cika tebura da abincin da ba mu san sunansa ba, mun kuma sha yabo a kai, yabon da ya jinkirta mana koyo. Shi ya sa ba za mu yi muku irin wannan alherin ba. Daga yau duk labarin da aka turo da "kala-kala" ko "ɓata lokaci ne" za mu mayar wa mai shi ya sake.

Aikin wannan makon: fitowa ɗaya, kada ta wuce kalma 400. Mutum biyu ko uku a babban gidan abincin Indiya a garin da ba nasu ba. A ambaci abinci biyu kacal, a san da me aka yi su. A bar mu mu gane wa zai biya da abin da biyan zai ci masa, ba tare da an faɗi adadi ba. An hana kalmar "haɗaɗɗe". Za mu karɓa har daren Alhamis, mu tattauna uku daga ciki ranar Asabar in Allah ya kai mu.