Jininmu Ake Ɗiba, Ina Sakamakon?

Mai karatu, bari in tambaye ka: gida nawa ka sani a unguwarku da ke da yaro mai sikila? Mu nan Roni ba sai ka yi dogon tunani ba. Da hunturu ya kama za ka ga ana ɗaukar yara zuwa Kazaure, wasu har Kano, suna kukan ciwon ƙashi. To, me ka taɓa ji game da binciken da masana ke yi a kan wannan cuta? Ina jin shiru za ka yi.

Kuma fa ana binciken. Tun 2003 aka kammala karanta kundin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, mai harufa kusan biliyan 3, wanda sai da kwamfuta ake iya tantance shi. Harafi ɗaya tak ne ke sauyawa a cikinsu ya haddasa sikila. A gida Nijeriya, cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta ƙwayoyin halittar korona a Afirka, a watan Maris na 2020. Nan kusa da mu, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2022.

Amma wa ya karanta? Ana bugawa ne da Turancin da ko mu 'yan jami'a sai mun yi gumi, a mujallun da wasunsu sai ka biya dala kafin ka buɗe. A tattauna a otal ɗin Abuja, a tafa, a watse. Uwar da ta miƙa hannun ɗanta aka ɗibi jini tana gida, ba wanda ya koma ya ce mata ga abin da aka gano.

Illar a fili take. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, har da na jinotayif, kuma mu maƙwabta ma gwajin ya zama ruwan dare. Sai a miƙa wa saurayi takarda an rubuta AS, ba bayani. Na sha jin ana cewa idan AS ya auri AS, tunda ɗaya cikin huɗu ne, da an haifi mai sikila guda to uku na gaba sun tsira. Wallahi ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, ana iya haifar uku a jere duk SS. Masana sun san wannan shekara da shekaru, bai dai iso zaurenmu ba.

Inda bayani bai je ba kuwa, jita-jita ke zuwa. Ba mu manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Rashin yardar da ya bari na cikin abin da ya sa aka ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na san masu bincike za su ce sai sun buga a mujallun waje ake ƙara musu girma, kuma a can ne sauran masana ke tace aikin. Gaskiya ne, su ci gaba. Roƙona kawai, duk binciken da aka yi da jinin mutanenmu ya zo da shafi ɗaya na Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa limamai da ungozomomi. Mu ɗaliban aikin jarida ma da laifinmu: mun fi bin rigimar siyasa da ta Kannywood. Mu je Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Bayero mu zauna da malaman kimiyya, mu fassara.

Kai kuma ɗan'uwa, ranar da aka nemi jininka don bincike, kada ka gudu. Tambaya za ka yi: me za a yi da shi, ina za a ajiye, yaushe za a dawo min da sakamako? Haƙƙinka ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.