Kwalba a ɓoye, gawa a fili

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ya san farar albasar Sukukutane, wadda sunanta ya shiga har cikin littattafan malaman gona. Idan bazara ta kama, aka ciro ta daga fadamu aka ɗura a buhuna, sai manyan motoci su yi ta jigilarta zuwa Dogon Dutsi, daga nan su hau babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wasu su nufi Dosso da Yamai ta Kore Mairuwa, wasu su yi gabas zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. A cikin kowace mota akwai gumin manomi na wata da watanni, akwai jarin ɗan kasuwa, sau da yawa kuma akwai mutane zaune a bisa kaya. Dukan wannan amana tana hannun mutum guda, wanda aka miƙa wa makulli. Abin tambaya shi ne: wa yake duba halin da wannan mutum yake ciki kafin ya tayar da mota?

Maganar giya magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe. Addini ya haramta ta, al'ada ta ƙyamace ta, saboda haka mai shanta yakan sha a ɓoye, wanda ya gan shi kuma yakan kau da kai. Sai dai ɓoyewa ba ta rage ƙarfin abin da aka sha. Idan mota ta kife, sai a ce taya ta fashe, ko birki ya tsinke, ko kuwa tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Karen mota ya san gaskiya, mai shayi na tasha ya sani, wani lokaci mai motar ma ya sani, amma kowa ya kame bakinsa don kada ya tona asirin wani. Da haka kunya take rufa wa kwalba asiri, ta bar gawa a fili.

Ya kamata a san abin da giya take yi wa mai tuƙi, domin lissafi ne mai sauƙi. Babbar kwalba mai santilita 65 ta giya mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kimanin giram 26 na barasa tsantsa. Idan mutum mai nauyin kilo 70 ya shanye ta, barasar da ke cikin jininsa takan kai wajen rabin giram a kowace lita. Wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar kada a wuce, shi ne kuma iyakar da Faransa ta sa wa direbobinta tun shekarar 1995. Ke nan kwalba guda, wadda mashayi yake kira wankin maƙogwaro, ta isa ta kai shi bakin iyaka.

Daga nan ido yakan rage ganin abin da ke gefe, hasken fitilar motar da ke tahowa yakan daɗe yana kashe shi, ƙafa kuma takan yi nawa tsakanin totur da birki. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Jinkirin rabin daƙiƙa kawai ya ƙara mita 12 kafin a taɓa birki, kuma a cikin wannan tazara ce amalanken jaki marar fitila yake, ko garken shanu, ko yaro mai tsallaka hanya a ranar kasuwa. Mafi muni, giya tana rage gwaninta a daidai lokacin da take ƙara wa mutum jin cewa shi gwani ne. Binciken da Robert Borkenstein ya jagoranta a garin Grand Rapids na Amurka a shekarar 1964 ya nuna cewa yiwuwar yin haɗari tana hauhawa da sauri gwargwadon yawan barasa a jini. Shi ne kuma mutumin da ya ƙirƙiro na'urar auna numfashi a shekarar 1954.

Akwai dabarun da ake yaudarar kai da su a tashoshi: kofi mai ɗaci, goro, shayi mai kauri, ko sheƙa ruwan sanyi a ka. Babu ɗayansu da ke fitar da barasa daga jini. Hanta ce take yin mafi yawan wannan aiki, kuma ba ta sauri: abin da take ragewa cikin awa guda bai cika wuce kashi 15 cikin ɗari na giram a lita ba. Wanda ya sha kwalba uku har tsakar dare, ya kama hanya da asuba, yana iya tashi da sauran maye a jininsa ko da ya rantse ya wartsake. Haka zancen yake ga ƙwayar taramol da wasu direbobi da ƴan kabu-kabu suke haɗiya don kashe gajiya: tana kawo gyangyaɗi, idan ta yi yawa tana jawo farfaɗiya, idan kuma aka haɗa ta da giya abin ya ninka.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne nisan asibiti. Wanda ya ji mummunan rauni a hanyar Sukukutane sai an nemo abin da zai kai shi asibitin Dogon Dutsi. Idan abin ya fi ƙarfinsu a wuce da shi Dosso, ko Yamai mai nisan kimanin kilomita 270. Jini ba ya jiran irin wannan tafiya.

Ɗan kasuwa da yake jin cewa takardar asiransi, wato inshora, ta tsare masa dukiya, ya kamata ya sake karanta ta. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar CIMA, wadda ta fara aiki a shekarar 1995. Asiransin dole da wannan doka ta tanada domin biyan waɗanda mota ta cuta ne. Ba ta biyan raunin direban da ke riƙe da sitiyari, ba ta kuma biyan kayan da aka ɗauko. Idan mota ta kife da buhunan albasa, asarar tana wuyan mai kaya da mai mota, sai fa in sun yi wata yarjejeniya ta daban, wadda ita ma kamfani yana iya ƙin cikawa idan maye ya tabbata. Direba kuwa, in rai ya salwanta, shari'ar kisa ba da gangan ba tana jiransa, da kaso, da rasa takardar izinin tuƙi wadda da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ma'aikacin gwamnati ma kada ya ɗauka zancen na ƴan tasha ne kaɗai. Wanda aka tura rangadi cikin ƙauyuka da motar aiki, ya tsaya a mashaya bayan an gama, ya ce hanya ce da ya saba da ita, bai fi direban albasa komai ba. Shugaban ma'aikata da ya san direbansa yana sha amma ya ci gaba da sa hannu a takardar tafiya, yana da nasa kaso na alhaki.

Nijar ta sabunta dokar hanyarta a shekarar 2014, akwai kuma hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra. Amma jandarma ba zai iya tsayawa a kowane lungu na Dallol Mauri ba. Shingen farko yana wurin da ake miƙa makulli. Mai mota yana da ikon shinshina bakin direbansa kafin ya ba shi kuɗin mai. Shugabannin tasha suna da ikon hana lodi ga wanda idonsa ya juya. Mai kaya yana da ikon barin albasarsa ta kwana a ƙasa, domin jinkirin dare guda bai kai asarar jari ba. Fasinja kuma yana da ikon sauka, ko da za a yi masa dariya.

Faɗa wa mutum cewa yau ba zai tuƙa ba, ba cin mutunci ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kunyar minti guda a tasha ta fi zaman makoki na kwana bakwai sauƙi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai matafiya gida lafiya.